Littafin Ma'aji

Shekara ashirin da shida ina riƙe da littafin nan,
bangonsa ya yi laushi kamar tsohon buzu.
Hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita,
damar kuwa tun fil'azal ta fi hagun ci.

Ran Lahadi mutum dubu huɗu suka cika filinmu a Aboabo.
Na ƙirga tikiti: dubu da ɗari biyu.
Saura ta katanga suka shigo, ta reshen mangwaro,
ta "ni ƙanin ciyaman ne",
kuma su suka fi kowa zagin alƙalin wasa.

Na ce filinmu? Harshe ne ya zame.
Ciyawar dai tamu ce, da bokiti muka raine ta.
Raga tamu ce, Hajiya Memuna ta saya
da ribar wake da shinkafa ta wata uku.
Rumfar kwano tamu, har da yoyonta.
Amma ƙasar da ke ƙarƙashi
haya ce, ta shekara hamsin,
an dangwala mata yatsa tun ina tallan ƙosai.
Arba'in da tara sun wuce.
Zanen aro, ko ya tsufa a jikinka, ba ya rufe katara.

Talata Lauya Boakye ya zo da jikan mai ƙasa,
yaro mai ladabi, har ya rusuna ya gaishe ni.
Suka ja awo daga kusurwa zuwa kusurwa.
Ya tsaya daidai ɗigon fanareti,
inda Sule Gajere ya sa Kumasi kuka da dariya rana ɗaya,
ya ce nan famfon fetur na farko zai zauna.

Bara muka sayar da Fuseini mai ƙafar hagu.
A rediyo kuɗin ya yi tsawo kamar layin mota a Kejetia.
Dillali ya yanki nasa,
bankin Adum ya ɗauki nasa tun kuɗin bai sauke kaya ba.
Abin da ya iso hannuna:
albashin wata huɗu, tayar bas biyu,
da bashin mai wankin riguna.
Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa.
Namu ya fito waje yana shan iska.

A taro ciyaman ya ce kamfani na tafe daga Ankara,
za su sa sunansu a ƙirjinmu.
Awudu mai tsaron gida ya ɗaga hannun da ya karye sau biyu:
"Alhaji, ƙirjin da bai ci ba fa?"
Aka ce ya zauna.

Sai magoya baya suka zaga da ƙwarya,
Asawase, Sawaba, mahauta, direbobin tirotiro,
'yan dako, tsohuwar da ba ta taɓa shiga fili ba
amma ta san sunan kowane ɗan wasa da na uwarsa.
Daren Juma'a na baje a tabarma na ƙirga:
sidi dubu sittin da ɗaya, da ɗari uku da arba'in,
da maɓalli guda, da takardar jabu.
Na buga lissafi da farashin da lauya ya faɗa.
Kuɗinmu ya sayi ƙasa
daga turken raga zuwa layin yadi shida.
Wallahi na tambaye shi ko za su yanka mana nan kaɗai.
Ya yi dariya, sannan ya ga ban yi ba.

Jiya da la'asar na tarar da Baba Gariba
yana zuba farar ƙasa a layi, a duƙe, da gwangwanin madara.
Wata bakwai ban biya shi ba.
Na ce, Baba, saura wata goma sha ɗaya fa.
Ya ce, "Lahadi akwai wasa. Matsa, kana taka min layi."

Na matsa.
Na buɗe littafi zan rubuta,
biro a hannu har aka kira magariba,
ban san ko hagu zan sa shi ko dama ba.